Ranar Da Na Ce Ban Ji Ba

Godiya ta tabbata ga Allah da bai saukar da cuta ba sai da ya tanadi maganinta. Maigidana ya warke, ya koma aji, kuma shi da kansa ya ba ni izinin rubuta wannan, bisa sharaɗin kada in kama sunan kowa ko na makarantar da yake koyarwa. Na yarda, don ba tonon asiri na zo yi ba. In ma akwai asirin da zai tonu a nan, nawa ne. Saboda matan malaman jami'a irina nake rubutawa, tun da an ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sunana Luba, tela ce ni, a Kalgo muke zaune, amma ni da shi duk 'yan Gwandu ne. Malam, haka nake kiransa, ilimin ƙasar noma yake koyarwa. Kafin ciwon nan mutum ne da ba ya iya ganin abu ya wuce bai yi bayaninsa ba. In na aike shi sayen tumatir, sai ya tsaya yana gaya wa mai tumatir dalilin da ya sa na bana bai yi ja ba. Ni da na shekara ashirin a kan keke, ya taɓa gyara zama zai koya mini yadda zare ke fita daga kwarkwaro. Ba ya shiga aji da takarda. Ƙasa yake ƙullawa a leda ya cusa a aljihu, ya je ya zazzage wa ɗalibai a kan tebur. Ledar kuwa kullum sai ta fashe, ni ke shan wankin, kuma ba na fasa mita.

Shugaban sashensu, wanda zan kira Farfesa kawai, malaminsa ne tun yana ɗalibi. Shi ya duba masa aikin digiri na biyu, shi ya sa baki aka ɗauke shi aiki, kuma shi ya karɓa masa aurena. Har yau Malam ba ya gaishe shi a tsaye. Farfesa yana da wani hali: ba ya rubuta umarni. A ƙofar masallaci zai faɗa maka, ko ta tagar mota, ko ta waya. Sauran malamai sukan ce a ba su a rubuce. Malam ba zai iya ba. A wurinsa, ka ce wa wanda ya koyar da kai ya rubuta maka maganarsa, daidai yake da ka ce masa maƙaryaci.

Ban shiga zuciyar kowa ba, don haka ba zan ce ga abin da ya juya Farfesa ba. Abin da na sani shi ne ɗalibai sun fara rububin Malam ya duba musu aikin kammalawa, manoma kuma sun fara zuwa makarantar suna tambayarsa da suna. Daga nan abubuwa suka fara. A ce taro ƙarfe goma ne, ya je ya tarar an yi tun takwas, Farfesa ya ce, "Ai takwas na ce maka." Aka ƙara masa kwasa-kwasai biyu a kan nasa, ya zama ba ya dawowa sai gab da magariba, da tulin takardun makin da ba sa ƙarewa. Sannan lokaci zuwa lokaci Farfesa ya ja shi gefe, cikin murya mai taushi, ya ce ɗalibai na ƙorafin ba sa gane karatunsa. Waɗanne ɗalibai? Ba a faɗa. Malam ya dawo yana ce mini, "Wataƙila na fara tsufa ne, Luba." Ni kuwa in yi masa dariya in ce tsufa a arba'in da biyu sai rago.

Wata Talata bayan la'asar ina falo ina ɗinkin ankon biki, shi kuma yana bakin ƙofa yana cuɗa ƙasa da ruwa a roba. Wayarsa ta yi ƙara. Hannunsa duk laka, sai ya danna da gwiwar yatsa ya buɗe murya. Da na ji Farfesa ne, na ɗage ƙafata daga keken. Ba zan yi ƙarya a nan ba, saurare na yi, kuma na ji komai. Ya tambayi jikin Inna, mahaifiyar Malam, da ke fama da ƙafa. Sannan ya ce jarrabawar 'yan aji uku ta gobe Laraba an ɗage ta zuwa Alhamis, don za a yi wa ɗakin fenti, kuma kada Malam ya wahalar da kansa, shi zai sa a liƙa sanarwa. Malam ya ce, "To, ranka ya daɗe." Na mayar da ƙafata na ci gaba da ɗinki kamar ban san an yi ba.

Larabar Malam ya tafi Maruda ɗebo ƙasa, inda waya ba ta kamawa sosai. Ɗalibai fiye da ɗari suka zauna a ɗakin jarrabawa, ba malami, ba takardu, ba fenti. Washegari a gaban malaman sashen duka Farfesa ya ce shi dai ya kira ne ya gaida Inna, ba a yi maganar jarrabawa ba. Ya ƙara da cewa, "Dakta, ka duba lafiyarka, abin nan ya fara yawa." Aka miƙo masa takardar tuhuma. Ita ce takarda ta farko da ya taɓa samu daga hannun Farfesa.

Ya shigo gida bai cire takalmi ba, ya tsaya a kaina. Ya ce, "Luba, ran Talata kina nan. Kin ji abin da Farfesa ya ce?"

Goggon da ta raine ni a Kambaza ta yi mini tarbiyya ɗaya da ta fi kowace zama a kaina: matar kirki ba ta da kunne a maganar maza. Ko a gabanki aka yi, ba ki ji ba. Ga kuma tsoro, kada a ce in zo in ba da shaida a kan mutumin da ya karɓi aurena. Ga kunyar in amsa cewa ina sauraren wayar mijina. Duk suka haɗu suka fito ta bakina kafin in yi tunani. Na ce, "Ni keke na ƙara, Malam, ban ji ba."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "To, ke nan ni ne." Ya zauna ya cire takalmin.

Makon farko ciwon kai ne da rashin barci. Na je kemis aka haɗo mana maganin zazzaɓin cizon sauro, ya shanye, ba sauƙi. Mako na biyu muka bi layin kati a asibiti tun bayan asuba, ba mu ga likita ba sai da aka yi azahar. Likitan bai ɗago kai ba har ya gama rubuta awon jini. Aka ce taifot, kamar yadda ake ce wa kowa. Aka yi allurai, aka ƙara masa ruwa leda biyu, har yau ban san don me ba. Na gode wa wata ma'aikaciyar jinya da ta ba shi kujerarta da ta ga jiri na ɗibarsa, amma mai ba da katin nan da ya tafi karin kumallo ya bar mu a tsaye, na bar shi da Allah.

A mako na uku ne na fara tsorata. Malam ya koma rubuta komai: a tafin hannu, a bayan ambulan, a jikin kwalin ashana. Ya kulle ƙofa ya dawo ya duba sau uku. Wanda bai taɓa shiga aji da takarda ba ya zauna yana rubuta darasi kalma bayan kalma, har da inda zai ce "kun gane?" Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne salla. Ya daina yarda da ƙirgen raka'o'insa. Sai ya ce in zauna a bayansa in ƙirga masa, in ya sallame ya juyo ya ce, "Huɗu ne?" In ce huɗu ne. Bai taɓa kuskure ba ko sau ɗaya. Kullum in na ce "huɗu ne" sai wata maganar ta taso mini a maƙogwaro, in haɗiye ta. Na riga na ce ban ji ba, yanzu ta ina zan fara?

Mako na biyar ya shiga aji da takardunsa. Daga baya ya ba ni labarin cewa ya rubuta kan darasin a allo, ya juyo, ya ga idanuwa, sai ya ji duk waɗannan ne masu cewa ba sa gane karatunsa. Baki ya ƙi buɗewa. Ya tsaya har ɗalibai suka fara kallon juna, sannan ya ajiye alli ya fita. Wani abokin aikinsa ya kawo shi gida, rigarsa sharkaf da gumi. Ya kwanta ya juya wa ƙofa baya, ya ce mini shi da aji har abada.

Nan fa 'yan'uwa suka buɗe kantin shawara. Yayata ta ce sammu ne, wa zai ga mutum na tashe ya ƙyale shi? Kawunsa ya ce boko ne ya yi yawa, dama kai ba randa ba ne. Aka kawo rubutu, aka kawo hayaƙi, aka kawo man habbatussauda da zuma. Wata maƙwabciya ta ce a rufe maganar kada a ji a gari, don muna da 'ya'ya mata da za su yi aure wata rana. Addu'a na karɓe ta hannu biyu, kuma na san ta yi mana rana. Hayaƙin kuwa tari kawai ya sa shi, ya kuma ɓata mini yadin mutane da wari.

Wajen mako na takwas aka tura mu Sakkwato ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Kekena na biyu, na aikin wuyan riga, shi ya tafi a kan wannan tafiyar, kuma ban yi kukansa ba sai da mai saye ya ɗora shi a kan babur. Hoto ya fito lafiya lau. Na yi murna, shi kuwa ransa ya ƙara ɓaci, don ya fi son a nuna masa wani tabo a ce ga abin da ke cinye masa tunani. Daga nan aka haɗa mu da likitan da ke duba damuwa, wanda danginmu suka haƙiƙance likitan mahaukata ne. Sai da muka je a ɓoye.

Wannan likitan mace ce, 'yar siririya, ba ta da gaggawa. Ta yi masa tambayoyi, ta ba shi lissafi da jerin kalmomi ya maimaita, ya cinye duka. Ta ajiye biro ta ce, "Dakta, ƙwaƙwalwarka ba ta lalace ba. Rijiya ce aka yi ta ja ba a bari ta tsatso ba." Ta ce gajiyar aiki ce ta taru ta zama ciwo, kuma ciwo ne na gaske, yana da magani. Sannan ta yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi: "Akwai wanda ke yawan ce maka abin da ka ji ba haka aka faɗa ba?" Malam ya ba ta labarin jarrabawar. Ta ce, "Ba kowa a wurin lokacin da aka kira ka?" Ya ce, "Iyalina na nan, amma keke na ƙara." Likitar ta dube ni. Ana cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to ni na ɓoye nawa. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi, har ta ɗauke ido ta rubuta magani da hutun wata uku.

Muka kai yara gidan yayata, muka tattara muka koma Gwandu wajen Inna, damina na faɗuwa. Malam ɗan farinta ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, Modibbo take ce masa, shi ma sai in ya zama dole. Ba ta zama inda yake, ba ta tambayarsa jiki a gaban mutane. Amma da ƙafarta mai ciwo take dama masa fura da nonon da matan ruga ke kawowa da hantsi, ta miƙo mini ta ce, "Kai ma baƙonki." Ni ke ba shi magani, ni ke jan shi zagaye bayan gari da yamma, ni ke zama kusa da shi in yi ta surutu ko ba ya amsawa. Barci ya fara dawowa, ya ɗan yi kumari. Amma ko littafi ya gani a kan taga sai ya kifa shi. Ya fara maganar ajiye aiki ya kama kiwon kaji.

A mako na uku da zuwanmu Farfesa ya zo dubiya, da buhun shinkafa a bayan mota. Aka yi masa shimfiɗa a zaure, Malam ya durƙusa ya gaishe shi. Inna na zaune daga bakin ƙofa, ni kuma na kawo ruwa. Farfesa ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce wa Inna, "Na daɗe ina lura da shi, Hajiya. Ko ranar nan, jikinki kaɗai na kira shi in tambaya, amma shi ya ji wani abu daban. Ciwo ne, ba laifinsa ba ne." Malam ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Kofin da ke hannuna ya karkace, ruwa ya zuba a tabarma.

Mota na tashi Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Zamna nan." Na zauna.

Ta ce, "Na ga hannunki shina rawa. Mutumen ga da yaz zaka, ƙarya shika yi, kuma kin sani. Hwaɗa min."

Na fashe da kuka, na gaya mata komai, har da maganar Goggo. Na ce kawaici na yi.

Inna ta gyara zama. Sannan ta ce, "Ke ɗiyag ga, ni za ki gwada ma kawaici? Shekara arba'in da biyu ban kira sunan yaron ga ba. In ya hwaɗi shina ƙarami, sai in kau da kai, wata ta ɗauke shi, ni ko cikina shina ƙuna. Wanga shi na kawaici: ke ka shan zafin, ba wani ba. Abin da kih haɗe ba zafinki na ba, maganinai na. Tashi ki kai mai."

Na same shi a gindin darbejiya a tsakar gida, an idar da azahar. Na durƙusa a gabansa, abin da rabona da yi tun ina amarya. Na ce, "Malam, ran Talatan nan keke ba ya ƙara. Na tsai da shi." Na maimaita masa wayar tun daga sallama: yadda Farfesa ya tambayi ƙafar Inna, yadda ya yi tari ya ce wa wani a ofis ya rufe masa ƙofa, sannan Laraba, Alhamis, fenti, sanarwa. Ina faɗa leɓensa na motsi tare da nawa. Da na zo kan fenti ya riga ni faɗa.

Ya ce, "Ya yi tari."

Na ce, "Ya yi."

"Ya ce a rufe ƙofa."

"Ya ce."

Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar. Da ya ɗago, idon da na gani ba na mai godiya ba ne. Ya ce, "Wata uku, Luba. Kina ƙirga mini raka'a." Kwana uku bai ci abin da na dafa ba, sai na Inna. Na ji zafi ƙwarai, amma a raina na san mutumin da ya iya fushi ya fara yarda da abin da ya sani. A rana ta huɗu ya shigo ya tarar ina tsince wake, ya zauna ya ja tiren gabansa, ya hau yi mini bayanin ƙwaron da ke huda shi. Ban taɓa jin daɗin bayanin da ban tambaya ba kamar wannan.

Kada wata ta karanta wannan ta ɗauka magana ɗaya ce ta warkar da shi. Ya ci gaba da shan magani, mun ci gaba da bin layin asibiti duk bayan mako biyu. Da na gaya wa likitar abin da na yi, ba ta yi mini faɗa ba, cewa ta yi ta sani tun ranar, jira take in gaji da ɗaukarsa. Akwai ranakun da ya tashi lafiya, akwai waɗanda ya wuni bai ce uffan ba. Amma ya daina sa ni ƙirgen salla.

Ana tsakiyar noman farko wasu dattawa uku daga Dalijan suka zo gaishe shi. Bayan an gama gaisuwa ɗayansu ya kwance bakin rawani ya fito da ƙunshin ƙasa da ganyen gero da ya yi ɗorawa. Ya ce, "Mun san ba ka da lahiya, Dakta, amma gonag ga ta ƙi mu, mun rasa mi za mu yi mata." Ina leƙe ta labule na ga Malam ya ja baya. Ya ce, "Ban tabbata zan iya ba." Tsohon bai ma kula ba, ya zazzage masa ƙasar a tafi. Malam ya murza ta, ya shinshina, ya tofa mata ɗan yawu ya mulmula. Ya tambayi shekara nawa suna shuka gero a wurin ba hutu, ya tambayi rabonsu da barin shanun makiyaya su kwana a gonar bayan girbi. Daga nan bakin ya buɗe. Har aka kira la'asar yana magana, dattawan na gyaɗa kai, ɗaya na cewa, "Wanga gaskiya na." Inna na tsakar gida ta ba zauren baya, wai tana tankaɗe, amma na lura rariyar ba ta motsi.

Da hutu ya kusa ƙarewa na ce masa a shirye nake in je gaban kowane kwamiti in faɗi abin da na ji. Ya ce a'a, ba zai tsayar da matarsa a gaban malaminsa ba, kuma ba zai iya ce masa ya rubuta ba har gobe. Na fara kumbura, sai na ga yana murmushi. Ya ce, "Ai shi ya shaida wa duniya ina da mantuwa. To mai mantuwa dole ya rubuta." Tun daga ranar, duk umarnin da Farfesa ya ba shi a ƙofar masallaci ko ta tagar mota, kafin ya kai ofis ya tura masa saƙo: "Ranka ya daɗe, saboda halin mantuwata, ga abin da na ji ka ce, a gyara mini in na yi kuskure." Ba rashin kunya a ciki, kuma ba ƙofar fita. Abin mamaki, tun daga lokacin ba a ƙara samun taron da ya sauya lokaci ba. Kwasa-kwasan da aka jibga masa kuwa, takardar likita ce ta sauke su. Farfesa bai nemi gafara ba, mu ma ba mu jira ba. Shinkafarsa mun ci, don ita ba ta yi mana komai ba.

Abin da zan ce wa 'yan'uwana mata kaɗan ne. In mijinki ya fara dawowa yana cewa wataƙila shi ne, kada ki yi dariya irin tawa. In awo ya ce lafiya lau amma mutum na narkewa, a nemi likitan damuwa da wuri, a bar masu surutu su yi. Kuma in an tambaye ki abin da kika ji, ki faɗa. Goggona mutuniyar kirki ce, Allah ya ji ƙanta, ta koya mini abin da aka koya mata ne. Ni dai 'ya'yana ba haka zan koya musu ba.

Ranar da zai koma aji ya tashi da wuri, ya yi wanka, ya tsaya yana juya takardun darasin nan da ya rubuta kalma bayan kalma. Can ya ajiye su a kan kekena, ya ɗauki ledar ƙasar Dalijan ya cusa a aljihu. Ya ce, "Ki raka ni." Na ce ni da ban wuce sakandare ba me zan yi a jami'a? Ya ce ba shiga zan yi ba, akwai benci a bakin taga.

Na zauna a bencin. Na ji ya yi sallama, ɗalibai suka amsa. Sai shiru. Na ƙirga numfashina har goma sha biyu, na fara karanto duk addu'ar da na iya. Sannan na ji ƙarar leda, na ji ƙasa ta zuba a kan tebur, na ji ya ce, "Wa zai faɗa mini abin da ke damun wannan gonar?" Wata yarinya ta amsa, ya ce ta kusa, wani ya amsa, aka yi dariya. Muryarsa ta yi rawa da farko, daga baya ta zauna daram. Awa biyu ban motsa ba.

Da aka tashi ya fito, ɗalibai na biye da shi da tambayoyi, alli har a gemu. Ya hango ni, ya ratso su ya tsaya a kaina, daidai yadda ya tsaya ranar nan. Ya ce, "Luba, kin ji?"

Mutane na kallo, kuma tarbiyyar Goggo ta ce in sunkuyar da kai. Na miƙe tsaye na ɗaga murya har na bayan suka waiwayo. Na ce, "Na ji, Malam. Tun daga sallama har ƙarshe, ba abin da ya wuce ni."

Da muka koma gida na zazzage aljihun rigarsa. Ledar ta fashe kamar kullum, ƙasa ta zubo mini a tsakar ɗaki. Na ɗauko tsintsiya, wannan karon ban yi mita ba.